Kwamfutar Sabo Tela da Ba a Kashewa

Ku matso da bencin nan, ku ajiye wayoyin. Tun safe nake jin ku kuna cewa aikinmu danne-danne ne kawai, wai duk wanda ya kalli bidiyo biyu a waya ya zama injiniya. To madalla. Ni Habu, da ake ce wa Habu Kwamfuta daga Kiru har Doguwa, a danne-dannen nan na yi furfura, kuma ina gaya muku rabin aikin ba a cikin akwatin yake ba. Yana kan kujerar da ke gaban akwatin, da hularsa da taurin kansa.

Aikin farko da aka ba ni a shagon maigidana Malam Isiyaku, can Kano, shi ne share ƙura. Ya miƙo mini burushin fenti da famfon keke, ya nuna mini kwamfutoci a jibge kamar buhunan masara, ya ce in buɗe in hure. Na hure yanar gizo, na hure kashin ɓera, har gyaɗa na taɓa samu a cikin wata. Malam Isiyaku tsohon mai gyaran rediyo ne, mutum mai gajeren haƙuri da dogon hanci. Kafin ya taɓa kwamfuta sai ya sunkuya ya shinshine ta, ya ce ƙonewa ba ta ɓoye wari. Na daɗe ƙwarai ina hura ƙura kafin ya yarda in riƙe sukudireba, kuma ranar da ya yarda ɗin ma tsaye yake a kaina da bulalar waya.

Shi ya fara nuna mini furosesa. Wani ɗan ƙarfe ne mai kusurwa huɗu, bai kai kwalin ashana ba, yana ɓoye ƙarƙashin fanka. Duk lissafin da kwamfuta ke yi shi ke yin sa. A cikinsa kuma akwai wani ƙaramin karatu da masu ƙera shi suka dasa masa, sunansa maikurokod, shi ke gaya masa yadda zai bi kowane umarni. Su ma masu ƙerawar mutane ne, suna kuskure. Wani lokaci sai kaya sun bazu duniya sannan su gano cewa in aiki ya yi nauyi a wata gaɓa, furosesan kan zame ya ba da amsar da ba ita ba. Ba za su bi gida gida su karɓe ba, sai su fitar da gyararren karatu su ce a ɗura masa.

Ga inda nake so ku buɗe kunne. Gyaran nan ba ya zama a kan furosesa. Da an kashe wuta ya manta shi sarai, ya koma kan karatunsa na ranar da aka haife shi. Sai an sake biya masa duk lokacin da kwamfuta za ta tashi, kamar tsohon da kullum da safe sai an tuna masa ya sha maganinsa. Hanyar biyawar biyu ce. Ko ka rubuta gyaran a cikin bayos, wato ɗan karatun da ke kan bod, babban allon cikin akwatin, wanda ke tayar da kwamfuta, ko kuma ka ajiye wa babbar manhajar ita ta riƙa miƙa masa da zarar ta farka. Ta farkon ita ce mai haɗari, don in wuta ta ɗauke kana tsakiyar rubutu, bod ya zama faranti. Shi ya sa Malam Isiyaku yake da doka: kafin ka taɓa bayos, ka je ka buɗe tankin janareta ka leƙa da idonka. Kada ka tambayi mai shi. Mai janareta bai taɓa cewa babu mai ba. Amma ko wace hanya ka bi, abu ɗaya ne ba makawa, sai an kashe an kunna sannan magani ya kama. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Da na samu 'yanci na dawo gida na buɗe shago a Kiru, kuma na ci zamanina. Masu buga takardu, masu hoto, makarantu, kowa Habu. Sai waya ta zo ta cinye mu. Wanda yake zuwa a buga masa wasiƙa ya koma yin ta a tafin hannunsa, shagunan buga takardu suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, wasu suka koma cajin waya, wani ma ya koma sayar da kankana. Akwai shekarar da nake wuni a shago ba wanda ya yi sallama sai mai tallan awara. Har na fara tambayar farashin babur, in shiga achaɓa kamar kowa. Abin da ya rage mai rai a ƙasar nan shi ne teloli masu ɗinkin kwamfuta, waɗanda ke zana aikin riga a kwamfuta su tura wa keke ya ɗinka da kansa. Akwai su a Bebeji, akwai a Tudun Wada, akwai a Doguwa, amma duk Kano suke kai gyara. Kuma dukkansu bakin mutum ɗaya suke kallo, Sabo Tela na Kwanar Dangora, don shi ya fara kawo keken yankin nan. In Sabo ya ce wane ya iya, to ya iya. In ya ce bai iya ba, gara ya nemi babur.

Abin takaicin, Sabo taubashina ne. Ɗan kawuna Garba ne, shi ɗan namiji ni ɗan mace, don haka tun muna yara ba ya kirana da sunana sai bawa. Bakinsa kuma ya fi rediyo. In ya yi maka suna da safe a bakin titi, kafin la'asar direbobi sun kai shi Zariya.

Kwamfutar Sabo tana da tarihi. Kawu Garba, Allah ya jiƙansa, maɗinkin hannu ne, irin waɗanda ake kawo wa riga daga nesa a jira wata da watanni. Kafin ya rasu, Sabo ya zauna da shi suka kwashe zanensa kaf suka zuba a kwamfutar nan: aska takwas ɗinsa, tambarinsa, linzaminsa, da wasu da shi ya ƙirƙira ba su da suna. Wata ƙaramar salla Sabo ya kashe kwamfutar ya tafi hutu, da ya dawo ya danna ta ƙi tashi. Mako guda tana kwance, shi ma yana kwance, ko kunu ba ya sha. Da aka samu ta tashi a Kano, sai ya tsaya a majalisar bakin shagonsa, gaban teloli da direbobi, ya rantse cewa muddin yana numfashi ba za a sake kashe ta ba. Ya sayi farantan sola da batura. Wutar ba ta isa ba, sai ya zare firjin matarsa Hajiya Ladi, wadda ke sana'ar zoɓo da kunun aya, ya ba kwamfuta soket ɗin. Da ya tashi daga shagon da ke jikin gidansa ta bakin titi ya koma zauren gidan, a kunne aka ɗauke ta. Na ga wannan da idona: kwamfuta a kan baro, batir a kan wani baron, waya a tsakaninsu, Sabo a gaba yana korar awaki yana cewa a bi a hankali, kamar ana kai mai naƙuda asibiti.

To a cikin shekarar nan tawa ta wahala, wata Laraba, sai ga kiransa.

"Bawa, kana da aiki?"

"Aiki ya yi mini yawa," na ce, alhali ƙuda nake kora.

"Ƙarya kake. Hau achaɓa ka zo, ubangidanka na nemanka."

Na tarar da shago cike. Teloli uku daga Bebeji da Tudun Wada sun zo kallo, ga kuma wani dattijo, Arɗo Buba daga wajen Falgore, zaune a kan tabarma da sandarsa a gicciye. Ɗansa zai yi saukar karatu ranar Juma'a, ya kawo farar shadda a yi masa aska takwas irin ta Kawu Garba, don da rigar Kawu aka yi wa shi Arɗon nasa bikin. Ya ce ba zai koma ruga ba sai da riga. Matsalar ita ce, duk zanen da ya yi nauyi, da kwamfuta ta fara lissafin ɗinkinsa sai manhajar ta rufe kanta. In ma ta gama, sai keke ya yi ta tafiya lafiya lau, can ya zabura ya ja zare daga wuya zuwa aljihu. Sabo ya nuna mini ƙyallayen gwaji. Wata askar ta fito kamar ƙugiya, wani tambarin kamar an taka kwaɗo.

"Ka duba ta," in ji Sabo, "amma ka ga maɓallin nan? Ko inuwarka kada ta taɓa shi."

Haka na yi aiki kamar mai yi wa zaki aski. Na buɗe murfi tana kunne, na hure ƙura fanka na juyawa, ƙurar ta dawo mini a fuska, teloli suka yi ta dariya. Na duba zafi, lafiya. Na duba faifan ajiya, lafiya. Kafin komai na fito da faifaina na waje na kwafe zanen Kawu gaba ɗaya, don wannan ita ce doka ta biyu ta Malam Isiyaku, kuma ni ma kawuna ne. Sannan na duba lambar furosesan da lambar maikurokod ɗin da ke kansa. Tsoho ne tukuf, na ranar haihuwa. Na bincika a waya, sai ga shi masu ƙerawa sun daɗe da sanar da cewa irin wannan yana zamewa in lissafi ya yi nauyi, sun kuma fitar da gyara. Wallahi sai da na ji daɗi har cikin raina. Ban taɓa bayos ba, na bi hanya mai sauƙi, na ajiye wa babbar manhajar gyaran. Na miƙe na karkaɗe riga.

"An gama. Saura a kashe a kunna."

Sabo ya jawo kujera ya zauna a gaban kwamfutar, ya rufe maɓallin da tafin hannunsa.

"A me?"

"A kashe a kunna, Sabo. Maganin ba ya shiga sai tana tashi."

"Jama'a ku ji mini bawa! Na kira shi ya yi wa mara lafiya magani, ya ce a fara kashe shi tukuna."

Na yi bayani. Na kawo masa misalin tsoho da maganinsa, na nuna masa faifan da na kwafe zanen a ciki, na ce ko ta ƙi tashi ba abin da ya ɓata. Ya ce zanen da ke cikin wannan ɗan abin kamar sabulu ba zane ba ne, hoton zane ne. Na ce ba ma kashewa ba ce ta sosai, ƙiftawar ido ce. Ya ce waccan karon ma ƙiftawar ido ce ta kwantar da shi mako guda. Arɗo Buba ya gyara zama.

"Malam Sabo, ni dai shanuna kowacce tana kwanciya, kuma da safe tana tashi."

"Arɗo, taka in ba ta tashi ba a yanka a ci nama. Wannan fa, me za a ci?"

Arɗo ya yi tunani, ya ce gaskiya ne.

Raina ya ɓaci. Na ce masa taurin kansa ya fi na jakin Kawu, na ce Juma'a za ta zo ta same shi da kwaɗo a ƙirjin rigar mutane. Shi ko a jikinsa. Ya ce, "Ka dai zuba maganinka ko? To tafi abinka, Kashe-mu-gani." Kafin in samu achaɓa sunan ya riga ni isa bakin titi. Wani kwandasta da ban taɓa gani ba ya leƙo ta taga ya ce, "Kashe-mu-gani, Kiru ne?" Na koma gida ina lissafin wane launin babur zan saya.

Washegari da hantsi waya ta yi ƙara. Sabo ne, cike da murna.

"Bawa, zo ka ga ikon Allah. Ta warke, kuma ba wanda ya kashe ta."

Na ce ba zai yiwu ba. Ya ce in zo in gaya wa keken haka, don ga shi can yana ɗinka aska ta shida.

Na je. Keke na ta sukuwa a kan farar shadda, aikin Kawu na fitowa tsaf kamar shi ya riƙe allurar. Teloli sun ƙaru, har da na Doguwa. Na ratsa su na zauna a gaban kwamfutar, na duba lambar maikurokod. Sabuwa ce. Na goge ido na sake dubawa, sabuwa dai. To ni na san a irin wannan kwamfutar lambar nan ba ta sauyawa sai an tashi daga kashewa, kamar yadda na san sunana. Sai na duba wurin da kwamfuta ke nuna tsawon lokacin da ta yi a kunne. Abin da ya kamata in fara dubawa tun jiya ke nan, amma wa zai duba, bayan duk garin ya shaida baro biyu? Kwamfutar da aka ce ta shekara uku ba ta runtsa ba, ta ce ita tun asubar yau ta tashi.

Ga sunana a hannuna, ga shaidu a zaune. Magana ɗaya zan yi in juya allon su gani, Kashe-mu-gani ya mutu a wurin. Na buɗe baki ke nan sai Arɗo ya ce yana so ya ga aikin a hasken rana, duk suka ɗunguma waje da ƙyallen gwajin da aka fara yi da safe. Aka bar ni ni kaɗai. Sai labulen ƙofar cikin gida ya motsa, aka turo tire da jug da kofi.

"Injiniya, sannu da aiki. Ga ruwa."

Hajiya Ladi ce. Na gaishe ta, na tsiyaya zoɓo, sai na ji wani abu ya faɗa kofin, ƙwal. Ƙanƙara. Na kalli ƙanƙarar nan. Garin ya kwana biyu ba wutar gwamnati, firjinta kuma kowa ya san an zare shi tun shekarar rantsuwa. Na kalli soket, na kalli labule.

"Hajiya," na ce a hankali, "tun yaushe?"

"Tun satin da ya zare mini firji."

"Kullum?"

"Ban da ranar da aka ɗauke ta a baro. Ranar na huta, na sha dariya har cikina ya yi ciwo."

Ta ce in ya shiga barci sai ta zo ta kashe ta, ba fizge waya ba, a'a, yadda ta ga yana yi a da, ta bi a hankali har ta yi shiru. Ta jona firjinta. In ya tafi masallaci da asuba ta mayar, ta kunna, ta buɗe masa zanen da ya bari, har kujerar takan gyara yadda ya bar ta. Ni da nake koya wa masu digiri yadda ake kashe kwamfuta suna fizge waya, sai da na ji kamar in ba ta shagona.

"To Hajiya, kin san yau sunana ke hannunki?"

"Na sani, Injiniya. Na ji abin da suke kiranka, ban ji daɗi ba. Amma in ka faɗa, ni na rasa firji, shi kuma ya rasa barci. Ka san yadda ya yi waccan karon. Sha zoɓonka kada ya huce."

Labule ya koma. Jama'a suka dawo, Sabo a gaba yana washe baki. Ya tsaya a tsakiyar shago ya ɗaga murya yadda na bakin titi ma za su ji.

"To Injiniya Kashe-mu-gani, gaban mutane. Ka yarda ba sai an kashe ba?"

Kofin na hannuna, sanyinsa na ratsa yatsuna. Na tuna shagona da ƙudajensa, na tuna babur. Ban taɓa jin magana ta yi mini nauyi a baki kamar ta ranar ba. Na kurɓi zoɓo.

"Na yarda."

Aka fashe da dariya, wani telan Bebeji har da tafi. Arɗo Buba ne kawai ya dube ni da tausayi, ya ce kada in damu, kowa da abin da Allah ya hore masa, wataƙila ni kiwo ne zai karɓe ni.

Na tattara sukudirebobina. Sabo ya ce bari ya taka wa bawansa, kada a ce ubangida ba shi da kirki. Muka fito, muka wuce masu rake, muka wuce masu tsire, yana ta amsa gaisuwa kamar wanda ya ci zaɓe. Sai da muka yi nisa da jama'a ya rage murya.

"Zoɓon ya yi sanyi?"

Na tsaya cak.

"Habu," ya ce, kuma wannan ne karo na farko da na ji sunana a bakinsa, "shekara uku ina shan zoɓo da ƙanƙara a gidan da ba firji. Kai a ganinka ni wane irin jaki ne?"

"Ka sani?"

"Tun watan farko. Ta bar mini linzamin kwamfutar yana warin citta."

"To don Allah me ya sa ka bar ni na..."

"Da ka ce sai an kashe an kunna, na ce a raina to ai shi ke nan, gobe da asuba an gama. Me zan ce maka gaban mutane? Na rantse a gabansu. Kuma in ta san na sani, sai ta daina ɓoyewa, ta ce in kashe da kaina." Ya kalli motocin da ke wucewa Zariya. "Ba zan iya ba, Habu. Ba zan iya tsayawa in ga fuskarta ta yi baƙi ba. Hannun Baba ne a ciki. Gara a yi ina barci, in zo in tarar da ita a kunne."

Na ciro faifan nan mai kama da sabulu na sa masa a aljihu, wannan karon bai ce hoton zane ba ne. Ya dafe aljihun da hannu.

"Amma ba ka taɓa dawowa daga masallaci ka same ta tana ciki ba?" na tambaya.

"Kai kana ganin dogon wuridin da nake yi bayan asuba na mene ne? Kwamfutar nan tana da nawar tashi. Sai na ja carbi na ja, na leƙa na ga hasken allo ta tagar zaure, sannan in shafa."

Na yi dariya har na riƙe sandar fitilar titi. Sannan na tuna, na ce, "To ni fa? Ka kashe ni a kasuwa."

"Hau achaɓa, bawa. Bakin da ya kashe ka shi zai tashe ka."

Arɗo ya tafi da rigarsa, an ce ranar Juma'a har daga wasu rugagen aka zo taɓa aikin. Mako bai zagayo ba wayata ta fara ƙara. Bebeji, Tudun Wada, Doguwa. Ashe Sabo ya bi direbobi da sabon labari: wai bawansa bai san kan maganarsa ba, amma hannunsa na da albarka, shi kaɗai ne a ƙasar Kano yake yi wa kwamfuta magani tana kunne. Su kuwa telolin nan duk sun kwaikwayi Sabo, ba mai kashe tasa. Kowa ya ce Kashe-mu-gani yake so, amma da sharaɗin kada ya kashe.

Na karɓi sharaɗin, me zan yi? Sai na fito da tsarin aiki na kaina, wanda ba ya cikin kowane bidiyo da za ku kalla. In na je, in kwafe kaya, in duba lamba, in ajiye gyara. Sannan in ce a ba ni ruwa. In ruwan ya zo da sanyi, sai in ce wa mai shago, a bar ta ta kwana da magani, gobe za ka ga aiki. In ya zo da ɗumi, sai in leƙa in ga ƙarfin baturansa, in dubi sama ko da hadari, in ce a ba ta kwana biyu zuwa uku. A ƙasar nan ba a rasa mai kashe maka kwamfuta. Sau ɗaya kawai na gamu da wani a Doguwa, gwauro ne, ga batura sababbi, sai da na yi tuntuɓe da wayar da gangan na ba shi haƙuri.

Ban sayi babur ba. Sunan dai ya zauna, har jikokina wani lokaci in sun so tsokana da shi suke kirana. Kwamfutar Sabo tana nan, ta ƙara tsufa, ta ƙara nawar tashi, wuridi kuma ya ƙara tsawo. Hajiya Ladi har yau ba ta san ya sani ba, ko kuma ta sani ta bar shi, ni ban tambaya ba, ku ma in kun je Kwana ku sayi zoɓonku ku yi shiru. Mutanen unguwa dai sun ga mutum kullum shi ne na ƙarshen fita masallaci, yanzu Malam Sabo suke ce masa. Bara da liman ya tafi Umara, shi aka tura gaba ya ja sallar asuba. An ce ba a taɓa jan doguwar sura a masallacin nan kamar ta ranar ba.